Yadda Ake Hana Muhawara Komawa Hayaniya

Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiya, ko na iyayen yara da malamai, ko na kwamitin masallacin unguwa, ya san yadda abin yake tafiya. An taru ne a kan kuɗin gyaran rufi. Mutum na farko ya yi magana mai ma'ana, na biyu ya ɗora. Na uku ya miƙe ya maimaita abin da na farko ya faɗa, sai dai nasa ya ninka tsawo. Na huɗu ya tono wani kuɗi da aka tara tun shekarun baya, ya tambayi inda ya shiga, idonsa a kan ma'aji. Ma'aji ya ce shi ba ɓarawo ba ne, kuma ai kowa ya san asalin kowa. Daga nan sai a rirriƙe wannan, a ba wancan haƙuri, a shafa fatiha a watse. Rufi yana nan yana yoyo.

In ka tambayi mahalarta daga baya, za su ce maka mutanenmu ne ba su iya saɓani ba. Wannan ba shi ne ba. Saɓani shi ne dalilin kiran taron tun farko, don da baki ya zo ɗaya da ba a ɓata wa kowa yammacinsa ba. Abin da ya ɓace shi ne mai riƙe da taro, da kuma ƙa'idar da zai riƙe shi da ita. Jan ragamar muhawara sana'a ce mai dokoki da tarihi, kuma kusan kowace doka a cikinta an kafa ta ne bayan wani taro ya wargaje.

Dalilin da ya sa shirme ke rinjaye

Magana marar amfani tana da arha. Zargi ba ya cin daƙiƙa 10 a baki, amma wanke shi yana bukatar a ɗauko littafin kuɗi, a nemo rasit, a kira shaida. Mutum ɗaya zai iya jero tuhuma 8 a cikin minti 2, wanda zai amsa kuwa ko ɗaya ba zai kammala ba a daidai wannan lokaci, sai masu sauraro su tashi da cewa ya kasa amsa sauran 7. Wannan rashin daidaito ba ya gyara kansa. In aka bar fili a buɗe babu mai tsari, wanda ya fi kowa ƙarfin murya da ƙarancin kunya shi ke cinye lokaci.

Akwai kuma asarar da ba a gani. Mutum mai ilimi da mutunci ba ya tsayawa cacar baki. An yi masa baƙar magana sau ɗaya, ya yi shiru. An sake, taro na gaba ba zai zo ba, zai aiko da uzuri. Haka za a yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya har wurin ya zama na masu hayaniya zalla, su kuma su riƙa cewa ai ƙofa a buɗe take, ba a hana kowa magana ba. Gaskiya ne ba a hana ba, amma an kori mutane ba tare da an ce su fita ba. Shi ya sa shugaban da ke alfahari da cewa shi ba ya katse kowa yake cikin kuskure. Rashin tsawatarwa ma ɗaukar ɓangare ne, kuma ɓangaren mai ɓaɓatu ake ɗauka.

Injiniyan da ya ji kunya a coci

A shekarar 1863, lokacin yaƙin basasar Amurka, an roƙi wani matashin hafsan soja, injiniya mai suna Henry Martyn Robert, ya shugabanci wani taro a wata coci da ke garin New Bedford. Ya karɓa, taro kuma ya ƙwace masa, ya fita da kunya. Daga nan ya ƙudura ba zai sake zama a kujerar shugaba ba sai ya san dokar wurin. Da aka mai da shi San Faransisko a 1867, sai ya tarar da wata matsalar: garin cike yake da baƙi daga jihohi daban-daban, kowa da yadda ake gudanar da taro a garinsu, don haka rabin lokaci yana tafiya ne a gardamar yadda za a yi gardama. A 1876 ya fitar da ɗan ƙaramin littafi na aljihu, kwafi 4,000, da kuɗinsa. Littafin, wanda aka fi sani da Robert's Rules of Order, har yau shi ne madogarar ɗimbin ƙungiyoyi a Amurka, kuma bugu na 12 ya fito a 2020.

Littafin ya yi ƙiba yanzu, ya haura shafi 700, kuma ba mai cewa a ɗauko shi don taron dangi. Amma ƙashin bayansa ɗan kaɗan ne, ya kuma cancanci a san shi.

Abu na farko, ba a buɗe muhawara sai akwai takamaiman ƙudiri a gaba. Wani zai ce a ware kuɗi kaza a gyara rufi kafin damina, wani ya mara masa baya, shugaba ya maimaita ƙudirin da kalmominsa, sannan a fara magana. Amfanin wannan ya fi yadda ake zato. Muddin babu jimla guda da kowa ya ji, ba yadda za a yi a ce wa mutum ya fita daga magana, tunda ba a san inda maganar take ba. Da zarar akwai ta, mai tono tsohon kuɗi za a iya ce masa batunsa yana da muhimmanci, ya kawo shi a matsayin ƙudirinsa bayan an gama da wannan. Ba a toshe masa baki ba, layi aka sa shi ya bi.

Sai rabon lokaci. A tsarin Robert, kowane mamba yana da damar magana sau 2 a kan ƙudiri ɗaya a rana ɗaya, kowace ba ta wuce minti 10, kuma ba zai yi ta biyu ba matuƙar akwai wanda bai yi ta farko ba yana nema. Ana so shugaba ya riƙa karɓa-karɓa tsakanin masu goyon baya da masu adawa. Wannan doka ita kaɗai tana kashe rabin fitina, don mafi yawan tarukan da suka lalace mutum 3 ko 4 ne suka yi ta jifan juna, sauran jama'a suna kallo.

Dokar da ta fi ban sha'awa ita ce ta rufe muhawara. Ana yanke yawancin hukunci da rinjaye na fiye da rabi, amma in ana so a tsayar da magana a tafi ƙuri'a, sai an samu kashi 2 cikin 3. Dalili shi ne, masu rinjaye suna da haƙƙin yanke hukunci, amma ba su da haƙƙin hana marasa rinjaye a ji su kafin a yanke. Wanda aka kayar bayan an saurare shi yakan haɗiye ya bi jama'a. Wanda aka kayar ba tare da ya buɗe baki ba, shi ne zai fita ya kafa tasa ƙungiyar.

Shi kansa shugaban ba a bar shi sakaka ba. In yana son tsoma baki a muhawara, sai ya sauka daga kujera ya miƙa wa mataimakinsa har a gama da batun. In ya yanke hukunci a kan wata ƙa'ida, mamba zai iya ƙalubalantarsa, wani ya mara baya, sai taro ya kaɗa ƙuri'a a kan ko hukuncin ya tsaya. Kuma ba shi da ikon korar mamba shi kaɗai. Zai tsawata, zai sa sakatare ya rubuta kalaman da aka furta, amma horon na taro ne.

Darasin majalisar Landan

Majalisar wakilan Birtaniya ta daɗe tana fama da wannan aiki, kuma wanda ya kalli zamanta zai yi mamakin yadda ake ihu da shewa amma ba a kai wa ga dambe. Sirrin yana cikin wasu al'adu da za ka ɗauka wasa ne.

Ɗan majalisa ba ya magana da abokin hamayyarsa kai tsaye. Kakaki yake fuskanta, shi yake yi wa magana, abokin hamayyar kuma a ambace shi kamar ba ya wurin, ba ma da sunansa ba, da sunan mazaɓarsa. Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba, don haka ake yi a gaban alƙali ko dattijon da ke sulhu: ba ka juya ka ce wa abokin shari'a “kai ka yi kaza”, sai dai ka ce “ranka ya daɗe, abin da ya faɗa ba haka aka yi ba.” Zafin magana yana raguwa in ta bi ta kan mutum na uku, kuma da wuya ka zagi wani alhali fuskar wanda kake girmamawa kake kallo.

Kakakin da aka zaɓa yana ajiye jam'iyyarsa gaba ɗaya. Ba ya shiga muhawara, ba ya kaɗa ƙuri'a sai an yi kunnen doki, a nan ma al'ada ta ɗaure shi ya zaɓi abin da zai bar ƙofa a buɗe don a ci gaba da tattaunawa, ko ya bar doka yadda take. Ba ra'ayinsa ake tambaya ba.

Dokokin majalisar sun ba shi ikon dakatar da mai magana saboda abu biyu da mu kan ɗauka ba laifi ba ne: fita daga batu, da maimaici mai gundura, ko maimaita hujjar kansa ko ta wani. A lura, ba a ce hujja mai rauni ba, ba a ce ra'ayi marar kan gado ba. Kakaki ba ya auna ko maganarka gaskiya ce, wannan aikin abokan muhawararka ne. Shi nasa ya duba ko lokacinka ne, ko kana kan batu, ko sabon abu kake faɗa, ko kuwa ka bar hujja ka koma kan mutum. Wannan iyaka ita ce zuciyar sana'ar baki ɗaya. Shugaban da ya tsallake ta ya fara tantance ra'ayi, ya tashi daga mai riƙe da taro ya zama ɗaya daga cikin masu gardama, sai dai shi yana da guduma a hannu.

Horo kuma hawa-hawa ne. Da farko a ce ka janye kalaminka, in ka janye magana ta wuce, ba a sake tayar da ita. In ka ƙi, a ce ka bar zauren har ƙarshen zaman ranar. In abin ya yi tsanani, Kakaki ya ambaci sunanka, majalisa ta kaɗa ƙuri'ar dakatar da kai, kwana 5 na zama a karon farko, 20 a karo na biyu. A kowane mataki an bar wa mutum hanyar komawa da mutuncinsa. A Afrilun 2016 an fitar da Dennis Skinner, daɗaɗɗen ɗan majalisa na jam'iyyar Leba, saboda ya laƙaba wa firaminista David Cameron laƙabin da ke nuna rashin gaskiya, aka ba shi dama ya janye ya ƙi. Ya fita, washegari kujerarsa tana jiransa.

Akwai doka ɗaya da ke jawo ce-ce-ku-ce, wato haramcin kiran ɗan majalisa maƙaryaci a cikin muhawara. A Yulin 2021 Dawn Butler ta tsaya a zauren ta ce firaminista Boris Johnson ya yi ta yi wa majalisa ƙarya. Aka nemi ta janye, ta ƙi, aka fitar da ita. A Yunin 2023 wani kwamitin majalisar ya kammala bincike ya ce lallai Johnson ya yaudari majalisa da gangan game da shagulgulan da aka yi a ofishinsa lokacin kullen korona. Masu suka suka ce to ga shi nan, doka tana hukunta mai faɗin gaskiya ta ƙyale wanda ake zargi. Sukar tana da ƙarfi, ba a raina ta. Sai dai dokar ba ta hana zargin ba, hanyarsa ta tsara: a kawo shi a rubuce a matsayin ƙudiri, a bincika, a yanke. Kuma ta wannan hanyar ce aka kai ga sakamako. Da an bar kalmar a sake, kowa zai jefi kowa da ita kullum, har ranar da ta zama gaskiya ba wanda zai ɗaga kai.

Ikon rufe muhawara kuwa majalisar ba ta da shi sai da aka ƙure ta. 'Yan majalisa daga Ailan, ƙarƙashin Charles Parnell, sun gano cewa babu dokar da ta ƙayyade yawan magana, sai suka mai da surutu makami don hana wata dokar murƙushe ƙasarsu wucewa. Zaman da aka fara ranar Litinin 31 ga Janairun 1881 bai tashi ba sai safiyar Laraba 2 ga Fabrairu, sama da sa'o'i 41, lokacin da Kakaki Henry Brand ya tsayar da muhawarar bisa ikon kansa, ba tare da wata rubutacciyar doka ta ba shi dama ba. A 1882 aka shigar da ƙa'idar rufe muhawara cikin dokokin majalisa. Abin lura a nan shi ne, mutanen Ailan suna da koke na gaskiya, kuma dabarar da suka yi ita ce kaɗai ta rage musu. Ba duk mai jan magana ne ɗan tayar da zaune tsaye ba. Wani lokaci alama ce ta cewa an toshe masa sauran ƙofofi.

Idan mai gyara ya zama mai ɓarna

Duk makamin da aka ba shugaban taro don ya kare muhawara, da shi ake iya kashe ta. A 1836 majalisar wakilan Amurka ta gaji da takardun koke da jama'a ke aikowa a kan bautar da bayi, sai ta kafa doka cewa duk irin wannan takarda a ajiye ta kawai, ba karantawa, ba tattaunawa. Hujjarsu ita ce zaman lafiya da tattalin lokaci, hujjar da har gobe ake bayarwa. Tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams, wanda ya dawo majalisar a matsayin wakili, ya shafe shekara 8 yana yaƙar dokar har aka soke ta a Disambar 1844. Koken bai ragu ba, ƙaruwa ya yi, don mutanen da batun bayi bai dame su ba ma sun fusata da aka taɓa 'yancinsu na kai kuka. Batun da aka hana tattaunawa da baki, a 1861 aka koma tattauna shi da bindiga.

Ba sai an kai can ba ma. Ya isa a yi zargin shugaba ya karkata. Ranar 21 ga Fabrairun 2024, a muhawarar tsagaita wuta a Gaza, Kakaki Lindsay Hoyle ya saɓa wa al'ada, ya ba jam'iyyar Leba damar gabatar da gyaranta a ranar da aka keɓe wa jam'iyyar 'yan Sikotlan. Ya ce tsaron lafiyar 'yan majalisa ya duba, don ana yi musu barazana. Amma shi tsohon ɗan Leba ne, kuma wannan kaɗai mutane suka gani. 'Yan majalisa da dama suka fice, ya dawo ya nemi afuwa a daren, fiye da 80 suka sa hannu a takardar rashin amincewa da shi. Maganar Gaza ta bi ruwa, aka koma maganar Kakaki. Amanar da aka tara cikin shekaru, hukunci ɗaya ya girgiza ta.

A Najeriya an ga ƙarshen irin wannan tun da wuri. Ranar 25 ga Mayun 1962, a majalisar Jihar Yamma da ke Ibadan, rikicin magoya bayan Samuel Akintola da na Dauda Adegbenro, masu jayayya kan kujerar firimiya, ya kai ga jifa da kujeru da karya sandar majalisa, sai da 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa. Kwana 4 bayan haka gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a yankin. A jamhuriyar yanzu kuwa matsalar ta fi fitowa ta fuskar dakatarwa mai tsawo. A Maris na 2017 majalisar dattawa ta dakatar da Sanata Ali Ndume na wata 6, a Nuwambar shekarar babbar kotun tarayya ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka. A gwada wata 6 da kwana 5 na Landan. Horon da ya yi tsawo haka ya daina zama gyaran zama, kuma ba mutum ɗaya yake hukuntawa ba, har da al'ummar da ta turo shi.

Doka ba tare da maɓalli ba

Wani kuskuren shi ne a rubuta ƙa'ida a bar shugaba hannu rabbana. Ranar 29 ga Satumbar 2020, a muhawarar farko tsakanin 'yan takarar shugabancin Amurka, Donald Trump da Joe Biden, ɓangarorin biyu sun amince kowa zai samu minti 2 ba katsewa. Aka fara, katsalandan ya yi yawa, mafi yawa daga Trump, har Biden ya ce masa ya rufe baki. Alƙalin muhawarar, Chris Wallace, ƙwararren ɗan jarida ne, amma ba abin da ke hannunsa sai roƙo. A muhawarar 22 ga Oktoba hukumar shiryawa ta ce za a kashe makirufon wanda ba lokacinsa ba ne a waɗannan mintuna 2. Mutanen su ne dai, ra'ayoyinsu ba su sauya ba, amma a wannan karon an ji abin da kowa ya faɗa. Masu gabatar da shirye-shiryen kiran waya a gidajen rediyo sun daɗe da sanin wannan: gargaɗi ba ya aiki sai mai kira ya san za a iya yanke layinsa.

Abin da ƙa'ida ba ta iyawa

Duk waɗannan dokoki suna gyara zahiri ne. Mutum zai iya bin su tsaf, ya tsaya kan lokaci, ya ce “ranka ya daɗe” sau goma, amma ya zo ne don ya kunyata wani, ba don a gano daidai ba. Malaman Musulunci sun yi dogon nazari a kan wannan ɓangaren, har ladubban munazara suka zama fanni mai zaman kansa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya koyar a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a zamanin da muƙabala a gaban manya take hanyar samun suna da muƙami, don haka ya san abin daga ciki. A kashin farko na Ihya'u Ulumiddin ya kawo sharuɗɗa 8 na muhawarar da za ta yi amfani. Daga ciki akwai cewa batun ya zama wanda ke faruwa ko ake tsammanin faruwarsa, kuma mai muhawara ya zama bai damu da ta bakin wa gaskiya za ta fito ba. Ya kuma fifita a yi ta a keɓe a kan a yi ta a gaban taro da masu mulki, sannan ya lissafa cututtukan da take haifarwa in niyya ta ɓaci, irin su hassada da girman kai da riya da ƙullata.

Batun keɓewar nan yana da amfani ga duk mai jan taro. Mutum yana iya sauka daga ra'ayinsa a gaban mutum biyu, amma a gaban mutum ɗari, musamman in akwai yaransa ko almajiransa, sauka ta zama faɗuwa. 'Yan kallo masu tafi da kabbara suna ɗaure mai magana a kan abin da ya riga ya furta, ko da a ransa ya gane ya yi kuskure. Saboda haka gogaggen shugaba, in ya ga mutum biyu sun sarƙe, yakan ɗage batun, ya haɗa su da wani dattijo a gefe, su dawo wa taro da abin da suka cim ma. Haka nan tsawatarwa: wadda aka yi a kunne bayan an tashi ta fi wadda aka yi a bainar jama'a shiga, sai fa in cin mutuncin a bainar jama'a aka yi shi, to nan dole a nan za a janye shi, don wanda aka ci wa fuska ya ga an tsaya masa.

Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa shi ne lokacin kafa dokar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙa'idar da aka fito da ita ana tsakiyar rigima, ko da mai kyau ce, wanda ta faɗa a kansa zai ce don shi aka ƙirƙiro ta, kuma sau da yawa yana da gaskiya. Wadda aka amince da ita tun ana dariya, kowa bai san ko shi za ta fara kamawa ba, ita ce ake bi. Gwajinta na farko kuma shi ne ranar da babban mutum ya karya ta, mai kuɗin da ya fi kowa ba da gudummawa, ko aminin shugaba. In aka kau da kai a ranar, an gama da ita.

Don haka in kuna da ƙungiya ko kwamiti da ba shi da rubutaccen tsarin zama, ku sa shi a ajandar taronku na gaba tun kafin wata rigima ta taso. Shafi ɗaya ya isa: batu ɗaya a lokaci ɗaya, mintunan kowa, ba mai yin ta biyu sai kowa ya yi ta farko, magana ta bi ta kan shugaba, ba a taɓa mutum ko niyyarsa, matakan horo daga janye kalami zuwa barin zaman ranar, da hanyar da taro zai bi ya soke hukuncin shugaba in ya kauce. Ku karanta shi a fili, kowa ya sa hannu, sannan ku ba kujerar ga wanda zai iya yin sa'a biyu bai faɗi ra'ayinsa ba.